Kuɗin Wa, Alƙalin Wa? Mu Daina Ɓoye Cibi a Gasar Rubutu

Maƙalar wannan mako za ta ɓata wa wasu rai, kuma cikinsu har da mu da muka rubuta ta, domin da hannunmu dumu-dumu a abin da za mu yi ƙorafi a kai. Ba za mu kama sunan kowa ba. Wanda ya ji tsoron kada a ce da shi ake, ya kwantar da hankalinsa, da kanmu za mu fara.

Bara ƙungiyarmu ta shirya gasar gajerun labarai domin matasan Anka da Gummi da Bukkuyum. Ba wata babbar gasa ba ce, kuɗin na ɗaya bai wuce ya sayi waya mai ɗan dama-dama ba. Wani bawan Allah mai hali ne ya ɗauki nauyi, ya ce kada a ambaci sunansa sai ranar taro. Muka ce to, ai sadakar ɓoye ta fi lada. Aka naɗa alƙalai uku a zaman da bai kai awa guda ba, ba a kuma sa sunayensu a sanarwa ba. Labarai suka shigo, kowanne da sunan mai shi da lambar wayarsa a saman shafin farko, haka muka tattara muka miƙa wa alƙalai.

Wadda ta zo ta ɗaya ɗaliba ce a ajin koyon rubutu da ɗaya daga cikin alƙalan yake gudanarwa a WhatsApp, ajin da ake biyan kuɗin shiga. Labarin da ta ci gasar da shi ma ya bi ta hannunsa, ya gyara mata shi tun kafin a buɗe gasar. Mun san haka. Babu wanda ya ce uffan a kwamiti, saboda mu ma malaminmu ne, da yawanmu a wurinsa muka koyi inda ake sa waƙafi da aya. Wa zai dubi idonsa ya ce, Malam, a wannan karon ka koma gefe?

Akwai kuma wani labari da ya zo daga wajen Bagega, a kan wani uba mai niƙa dutsen zinare a tsakar gidansa, 'ya'yansa suna wasa a cikin ƙurar. Wannan bai ma kai hannun alƙalai ba. Wani cikinmu ya tuna mana cewa mai ɗaukar nauyin gasar yana taɓa harkar ma'adinai, kada a zo a kunyata shi ranar taro. Shi mutumin bai nemi haka ba, bai ma san an rubuta labarin ba. Mu ne muka yi masa fadanci tun bai tambaya ba.

Kwana biyu da raba kyauta, magana ta fasu. Saƙonnin murya suka riƙa yawo daga wannan zaure zuwa wancan. Aka zagi Malam, aka zagi ƙungiya, aka kuma jefi yarinyar da maganar da ba za mu iya maimaitawa a nan ba, maganar da ke iya kashe wa 'yar mutane aure. Ta goge labarin daga shafinta, har yau ba ta sake sakin wani ba. Wata ƙanwarmu kuma daga ƙauyukan Bukkuyum, wadda ta rubuta nata labarin a littafin makaranta ta ba direban mota ya kawo mana, ta aiko da tambaya ɗaya: “Yaya, da ma kun san wadda za ta ci?” Kafin mu gama haɗa amsa ta fice daga zauren.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, labarin da ya zo na ɗayan mai kyau ne. Mun sake karanta shi bayan ƙura ta lafa, da wuya wani alƙali na daban ya ajiye shi ƙasa da na biyu. Amma yau babu mai iya gamsar da kowa a kan haka. Shirunmu ya ƙwace mata nasarar da wataƙila da guminta ta same ta.

Maganar da muke son kafawa ke nan. A ƙaramar duniya irin tamu, sanayya tsakanin alƙali da ɗan takara ba abin da za a iya kauce wa ba ne, kuma ita kanta ba laifi ba ce. Laifin yana wajen ɓoye ta. Duk gasar da ba ta faɗi kuɗin wa take rabawa ba, da su wa za su yi hukunci, da abin da ke tsakaninsu da masu shiga, tun kafin a karɓi labari ko ɗaya, to ta haƙa wa wanda zai ci rami tun bai ci ba.

Kada wani ya ce wannan cutar talauci ce ko ta ƙauyanci. Ku saurari abin da ya faru a wata sana'a da ke nesa da tamu, sana'ar ƙera wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem. A birnin Montreal na ƙasar Kanada akwai wani ɗan ƙaramin kamfani mai zaman kansa, Polytron, na wani matashi mai suna Phil Fish. Ya shafe kusan shekara biyar yana haɗa wasa guda mai suna Fez. Ya fara da rancen gwamnatin Kanada, da wannan ya yanke ya koma neman agaji a wurin 'yan uwa da abokai. A 2008 wasan ya ci kyautar ƙawa a bikin masu ƙera wasanni masu zaman kansu da ake kira IGF, a 2012 kuma ya ɗauki babbar kyautar bikin, dala 30,000. A watan Afrilun shekarar aka sake shi kasuwa, ya samu karɓuwa ƙwarai.

A watan Agustan 2014 masu kutse suka fasa shafin kamfanin, suka watsa takardun kuɗinsa da bayanan sirrin mai shi a intanet. Daga nan wasu suka taso da zargin cewa cikin mutanen da suka zuba kuɗi a kamfanin akwai waɗanda ke alƙalanci a bukukuwan da suka ba wasan kyauta. Masu shirya IGF suka fito suka musanta, suka yi bayanin yadda alƙalansu ke aiki. Zargin bai tabbata ba. Amma bayanin ya zo ne bayan gobara ta kama, lokacin da babu mai sauraron kowa. Phil Fish ya sa kamfanin a kasuwa ya ce ya bar sana'ar. Ku lura da kamannin: mutane kaɗan ne a fagen, su ne masu ba juna rance, su ne masu yi wa juna alƙalanci, su ne abokan hira. Da wa ke nan ya yi kama?

In kun ce wannan ai wasan yara ne, to ga kyautar da ta fi kowacce suna a duniyar adabi. Majalisar masana ta ƙasar Suwidin, mai kujeru 18, ita ke zaɓen wanda zai karɓi kyautar Nobel ta adabi. A ƙarshen 2017 mata 18 suka zargi wani mutum, Jean-Claude Arnault, da cin zarafi. Shi mijin ɗaya daga cikin 'yan majalisar ne, Katarina Frostenson. Da aka tona sai ga shi gidan raya al'adu da yake gudanarwa tare da matar tasa yana karɓar tallafin kuɗi daga ita wannan majalisa da matar ke zaune a cikinta. Aka kuma zarge shi da fitar da sunayen waɗanda za su ci kyautar tun kafin sanarwa. 'Yan majalisa suka riƙa barin kujerunsu, har ta kai ba a ba da kyautar adabi a 2018 ba, sai a 2019 aka haɗa biyu aka bayar. Cibiyar da ta haura shekara 200 ta durƙusa, a kan abin da 'yan cikinta suka daɗe suna gani suna kawar da kai. Mu da ba mu kai shekara goma ba, me muke taƙama da shi?

Yanzu mu dawo gida, mu amsa hujjojin da aka yi ta jefo mana tun bara.

Hujja ta farko, an ce mu kaɗan ne. In aka cire duk wanda ya san wani, wa zai rage ya yi alƙalanci tsakanin Anka da Gummi? Gaskiya ne mu kaɗan ne, kuma haka aka faro. Ku tuna gasar 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su shiga. Littattafai biyar ake lissafawa a matsayin amfanin wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne. Jiki Magayi kuwa da sunan mutum biyu ya fito, John Tafida da shi kansa Rupert East, wato mai kiran a yi rubutun da hannunsa a cikin ɗaya daga cikin littattafan. Bayan haka East ya jawo Imam zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sanayya ba ta wuce wannan ba, kuma ta haifar da littattafan da har gobe ake karantawa a makarantu.

Amma ku duba abu biyu. Na ɗaya, sunan East yana nan a bangon littafin, kowa na gani. Wanda ke son ya auna hannunsa a ciki yana da abin aunawa. Namu alƙalin ya gyara labari daga farko har ƙarshe, sunansa bai fito ko'ina ba sai a takardar maki. Na biyu, ku ƙirga marubutan nan biyar, ku nemo na lardin Sakkwato a cikinsu, lardin da Zamfara ke ƙarƙashinsa a lokacin. Babu. Ba don ƙasar nan ba ta da masu alƙalami ba, ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa shekaru kafin jihadi. Da'irar da East ya sani ce ba ta kai nan ba. Haka sanayya take, tana ɗaga wanda ke kusa, ba ta ma san da na nesa ba. Mu da muka daɗe muna kukan cewa Kano da Zariya da Kaduna sun mamaye komai, abin kunya ne a ce mun samu 'yar dama mun yi wa ƙauyukan Bukkuyum irin abin da muke cewa ana yi mana.

Kuma ƙarancin nan ba kamar da ba ne. Waya ta rage nisa. Malamin Hausa a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi zai karanta labarai ashirin a mako biyu in an roƙe shi da ladabi. Abin da ya hana mu nema shi ne muna jin nauyin Malam, kada ya ce an raina shi.

Hujja ta biyu, an ce Malam mutum ne mai amana, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba mu ce ba shi da amana ba, mun ma yi imanin bai ƙara mata maki da gangan ba. Sai dai wanda ya gyara labari ya riga ya mayar da shi daidai da ɗanɗanonsa. In aka ajiye masa shi cikin wasu, dole ya fi yi masa daɗi, domin rabin muryarsa yake ji a ciki. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, babu ruwanta da tsoron Allah ko rashinsa. Shi ya sa duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san ba a karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, ko ta iyaye ga ɗansu, ko ta miji ga matarsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar. Ba a ce uban maƙaryaci ne ba. An dai rufe ƙofar ne gaba ɗaya. To alƙalin da ɗalibarsa za ta ci, ajinsa na kuɗi ya ƙara cika a wata mai zuwa, bai jawo wa kansa amfani ba?

A kan batun zato kuwa, wa ya fi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nisa daga zargi? Amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wata rana yana i'itikafi, matarsa Nana Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya taso yana raka ta, sai wasu mutum biyu cikin Ansar suka gifta suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Bai jira a tambaye shi ba, bai kuma ce ai sun san ko shi wane ne ba. In zato zunubi ne, to wanda ya bar ƙofar zaton a buɗe alhali yana iya rufe ta da jimla ɗaya, yana da nasa kason. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. An ce in muka matsa wa masu kuɗi da sharuɗɗa za su janye, mu koma babu tsuntsu babu tarko. A yankin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa cikin kwanciyar hankali, inda a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, inda hare-haren Janairun 2022 suka tashi ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, wa ke da rarar kuɗin da zai ba masu rubuta labari? Kasuwar littafi tana Kano, mu nan sai dai mu saki labari a WhatsApp muna roƙon ɗari biyu ɗari uku. Wanda ya kawo dubu hamsin ai sarki ne.

To amma me muke sayarwa da wannan kuɗin? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2010 duniya ta ji sunan Anka da Bukkuyum ne saboda gubar dalma da ta fito daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega ta yi ta jiran a share mata gurɓatacciyar ƙasa, kuɗin aikin suka maƙale, sai da matasa masu fafutukar Follow The Money suka yi ta kururuwa kafin gwamnatin tarayya ta sake su a farkon 2013. Darasin da garin ya koya wa ƙasar nan shi ne a bi sawun kuɗi, daga ina suka fito, ina suka nufa. Mu kuma marubutan da muka fito daga wannan ƙasa, aka kawo mana labari a kan babban abin da ya same mu, muka tura shi ƙarƙashin tabarma don kada ran mai ba da kyauta ya ɓaci. In gasa ba za ta iya ɗaukar labarin Bagega ba, me ya rage mata ta ɗauka? Soyayyar ɗan attajiri da 'yar talaka karo na dubu?

Ba mu ce kuɗin mai haƙar ma'adinai ko na ɗan siyasa haram ne ga gasa ba. Manyan kyaututtuka da yawa da irin waɗannan kuɗi ake yin su. Kyautar adabi mafi tsoka a Nijeriya, mai dala 100,000, kamfanin iskar gas na NLNG ke bayar da ita, ita ce Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016. Gasar Gusau Institute tana ɗauke da sunan wanda ya kafa cibiyar, Janar Aliyu Muhammad Gusau. Hikayata, wadda aka fara a 2016, kowa ya san ta BBC Hausa ce. A duk waɗannan, mai shiga ya san gidan wa ya shiga. In bai gamsu da mai gidan ba, ya riƙe labarinsa. In ya ci kuma yana da ta cewa, yana iya faɗa: a 1972 marubucin Ingila John Berger ya ci kyautar Booker, ya tsaya a wurin taron ya soki yadda kamfanin da ke ba da kyautar ya tara dukiyarsa a yankin Karibiyan, ya kuma ba ƙungiyar baƙar fata ta Black Panthers ta Birtaniya rabin kuɗin. Ya iya yin haka ne saboda ya san kuɗin wa aka miƙa masa. Mu yaranmu sun shiga gasa ba su san aljihun da kyautar ta fito ba sai da suka ga mutum a kan kujerar babban baƙo.

Sadakar ɓoye tana da lada in abinci ka kai gidan marayu. Wanda zai zauna a gaban taro a ɗauke shi hoto yana miƙa ambulan ba sadakar ɓoye yake yi ba. In da gaske ɓoyewar yake so, to ya ɓoye har ƙarshe, kada ya zo taron, kuma kwamiti ya rubuta a sanarwa cewa mai ba da kuɗin ba shi da ta cewa a kan jigo ko sakamako.

Hujja ta huɗu, an ce cire suna daga labari aikin banza ne, domin alƙali zai gane mai shi ta salo ko ta karin harshe. Wanda ya rubuta “shina” da “hwaɗi” da “ɗiyata” ai ya riga ya faɗi inda ya fito. Akwai gaskiya a nan, cire suna ba ya maganin komai. Amma yana hana ido faɗawa kan sunan da ya sani tun kafin ya karanta layin farko. Kuma in alƙali ya gane labari duk da an cire suna, to wannan ce alamar da ta fi kowacce nuna cewa ya ajiye shi ya ce, wannan na san shi, wani ya duba. Abin da muke nema ke nan tun farko.

Saura ku, masu saƙon murya. Kada ku ɗauka wannan rubutu ya wanke ku. Kuna da gaskiya da kuka yi tambaya, ba ku da ita da kuka yi ƙazafi. Tambayar da ta dace ita ce, su wa suka yi alƙalanci, mene ne tsakaninsu da wadda ta ci. Wannan kwamiti ake yi wa ita, a fili, da sunan mai tambaya. Ku kuwa kuka tsallake kwamiti, kuka tsallake Malam, kuka dira kan yarinyar da ba ta naɗa alƙali ba, ba ta ga takardar maki ba. Kusan kullum haka ake yi, in rigimar kyauta ta tashi mace ce ke kwasar dukan. Wasu cikinku kuma duk shekara in sakamakon Hikayata ya fito sai kun ce an yi son kai, an ba 'yan gida. A 2020 Maryam Umar ta Sakkwato ce ta zo ta ɗaya, a 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar. Wane gida ke nan? Wanda ke kiran maguɗi a duk gasar da ya faɗi, ranar da aka yi maguɗin gaske babu mai sauraronsa. Wani lokaci labarinka ne bai kai ba, ɗan uwa. Koma ka gyara.

Ga abin da muke kira a yi, kuma da ƙungiyarmu za mu fara a zama mai zuwa:

1. Sanarwar gasa ta ƙunshi sunan mai ba da kuɗi da adadin kuɗin, nawa ne na kyauta, nawa ne na hidimar taro, nawa ne na alƙalai.

2. A bayyana sunayen alƙalai ranar da aka buɗe gasa. Aƙalla ɗaya ya kasance daga wajen yankin, wanda ba ya cikin zaurukanmu.

3. Kowane alƙali ya rubuta wa kwamiti sunayen ɗalibansa, da danginsa, da waɗanda ya taɓa gyara wa rubutu ko suke kasuwancin littafi tare. In ɗayansu ya shiga, alƙalin ba zai ba labarinsa maki ba.

4. Mutum ɗaya wanda ba alƙali ba ya karɓi labarai, ya cire sunaye ya sa lambobi, ya riƙe jerin a wurinsa har a gama.

5. Babu labarin da za a cire kafin ya kai ga alƙalai sai in ya saɓa wa ƙa'idar da aka rubuta a sanarwa, kuma a gaya wa mai shi dalili.

6. 'Yan kwamiti da iyalan gidansu ba za su shiga gasar da suke shiryawa ba.

7. Bayan sakamako, alƙalai su fitar da bayani ko da shafi ɗaya ne a kan dalilin zaɓinsu, a kuma ba da mako guda na karɓar ƙorafi a rubuce.

Babu ɗaya cikin bakwai ɗin nan da ke cin ko sisi. Abin da suke ci shi ne kunya, ita ce kuma muka fi tsoro. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamin da aka ce ya koma gefe a kan labari ɗaya ba a rage masa daraja ba, an tsare masa ita ne, an kuma tsare wa ɗalibarsa tata. Garin Gummi ya san darajar kyauta, ɗansa Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya karɓi ta Sarki Faisal a 1987, har yau ana ambatonta a tarihinsa. Nauyin kyauta yana ga yardar mutane cewa an ba wanda ya cancanta. In yardar ta tafi, abin da ya rage ambulan ne da hoto.

Ku kuma masu tasowa, kafin ku tura labarin da kuka kwana kuna rubutawa da ragowar cajin waya, ku yi tambaya uku: kuɗin wa, su wa ke alƙalanci, za a cire suna? Ku yi ta cikin ladabi, a bainar jama'a. Mai shirya gasar da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa.

Mu dai akwai mutum uku da muke bin bashin haƙuri a wurinsu: wadda ta ci muka bari aka ɓata mata suna, da mai labarin Bagega, da ƙanwarmu ta Bukkuyum. Mun nemi izinin mai labarin Bagega, in ya amince shi za mu kafe a nan mako mai zuwa, kowa ya karanta ya yi nasa hukuncin. Amsar tambayar ƙanwarmu kuwa ita ce: ba mu san wadda za ta ci ba, amma mun san abin da ya kamata mu faɗa muka yi shiru.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, ya zo da hujja, kada ya kama sunan kowa. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ne.